Ranar da Kuran Ya Ɗauke a Zauren Goggo

Ranar Litinin, 12 ga Agusta 2024, garin Konni ya waye da lumshi, ruwan asuba ya wanke kwanon rufi. Khalilu na zaune a zauren da suke haya yana goge saksofon ɗinsa, idonsa a kan agogo. Masu shirya bikin kiɗan jaz na Yamai ƙungiya ɗaya za su ɗauka daga jihar Tawa, kuma ran nan ce ta ƙarshe ta aika faifai da wasiƙa ta gidan waya.

Su uku ne: shi da busa, Dogo da gurmi, sai Abdussamad da na'urar da ke kama sauti ta murɗa shi ta maido. Ba su tsara kiɗa tun kafin su fara. Wanda ya ja gaba, saura su bi.

Abin da ya fi burge Khalilu shi ne wani bugu mai kauri da ke ƙarƙashin kiɗan. Idan ya ja numfashi sai bugun ya jira shi, idan gurmi ya zabura shi ma ya zabura. Kullum Khalilu sai ya yaba wa na'urar, Abdussamad ya yi murmushi ya taɓa wani maɓalli.

Mai gidan, Goggo Ikilima, ta ce kiɗansu kamar jaki ya faɗa rijiya. Ta kafa musu doka: daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe, lokacin da take kan aikinta, bayan nan kowa ya tattara. Amma furarta ba ta yanke musu ba, kuma sau biyu tana tare Dogo a ƙofa ta ce masa gaggawa ta yi masa yawa.

Satin da ya wuce sun kwashi kaya zuwa Malbaza, ɗakin ɗaukar sauti na wani aboki, inda babu hayaniya. Kiɗan ya fito salam, bugun ya ɓace. Abdussamad ya ce kuran ɗin Malbaza, wato wutar lantarkin garin, shi ne bai karɓi na'urar ba.

Shi ya sa suka dawo zaure, suka ajiye waya a tsakiya tana ɗauka. Busa ta tashi, gurmi ya bi, bugun ya shigo daidai wurinsa. A minti na bakwai kuran ya ɗauke. Fanka ta tsaya, na'ura ta mutu.

Bugun bai tsaya ba. Ya ma ƙara daɗi: ya bar gurbi, aka ji tafi ɗaya, ya dawo. Khalilu ya rufe ido ya bi shi. Ba su taɓa yin kiɗa irin na mintuna huɗun nan ba.

Da suka gama, ya dubi Abdussamad.

“Malam, na'urarka a mace take fa.”

“Ni tun bara na ɗauka Dogo ne ke dukan ƙwaryar gurmi.”

Dogo ya ɗaga hannuwansa sama. Khalilu ya fita, ya jima, ya dawo yana dariya. Ya yaga wasiƙar da ya rubuta, ya sake wata.

Sha biyu saura kwata ya miƙa ambulan a gidan waya. A ciki sunayen makaɗa huɗu ne, kuma na farko, bisa sharaɗin mai shi da ta ce shekara guda ke nan tana jan su ta bayan katanga, shi ne: Goggo Ikilima, turmi da taɓarya.