Akori-kura da Tiyon Zuƙo Mai

Malam, gyara zama ka ji wani misali. Ranar da abokan gaba suka fasa wani makami can ƙololuwar sama, ba gidan da ya rushe, amma duk abin da ke aiki da lantarki ya mutu murus: waya, rediyo, injin burtsatse, har da duk motar da ke da kwamfuta a cikinta. Kwana uku birni ba ɗigon ruwa. To akwai wani direba mai tsohuwar akori-kura, irin wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya. Ita kam ko labarin yaƙin ba ta ji ba, ana tura ta sai ta yi tari ta tashi. Matarsa na jego, ƙishirwa ta ƙafar mata da nono, jaririya ko ƙarfin kuka ba ta da shi. Ya ce sai ƙauyensu na bakin gulbi, tafiyar yini guda. Man da ke tanki ko rabin hanya ba zai kai ba, gidajen mai kuwa famfunansu sun mutu. Ya ce ko da goyo ne sai sun je. Ya kwantar da mai jego a gaba, maƙwabta suka tura, ya kama hanya.

Rana na take tsaka mai ya ƙare, daidai wata dalleliyar mota da ta mace a gefen titi, mai ita da iyalinsa sun kwana uku a gindin kuka. Direba ya sauko da jarka da guntun tiyo, ya ce, “Alhaji, kai ga mai ba mota, ni ga mota ba mai. Wa muke jira?” Alhaji ya ƙare wa akori-kura kallo, ya ce, “Wannan abar tana tafiya kuwa?” Ya ce, “Ai ba a kai na ɗauko ta ba.” Direba ya zura tiyo a tankin motar Alhaji, ya ja, ya sake ja, bakinsa ya bushe, numfashi ya gaza. Sai Alhaji ya naɗe babbar riga, ya durƙusa, ya zuƙa har fetur ya cika masa baki, yana tofarwa yana salati. Aka juye mai a akori-kura, Alhaji da iyalinsa suka hau baya. Daga nan duk matacciyar motar da suka taras, mai ya shiga jarka, masu ita su hau baya. In akori-kura ta yi fushi a kan tudu, kowa ya diro ya sa kafaɗa, direba na ihu, “Ku tura, bayin Allah, saura ƙiris!” Kafin magariba mutum goma sha tara suka sauka a bakin gulbi. Mai jego ta sha, ta ƙara sha, aka ɗiga wa jaririya ruwa a baki, ta callara kukan da ubanta bai taɓa jin mai daɗinsa ba.

Gaskiyar Bahaushe: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.