Makulli a Aljihu, Mota a Hanya

Zauna nan, maigida, ajiye ɗan baƙin abin nan a kan tabarma in gan shi da kyau. Wai wannan ne makullin motar? Ba baki, ba haƙora, sai ka ce ƙwallon dabino? Ikon Allah! Yau dai na ga abin da uwata ba ta gani ba. Ka matsa kusa da mota ta buɗe da kanta, ka sa ɗan yatsa ka taɓa wuri ɗaya ta tashi, ko tari ba ta yi ba. Tun daga ƙofar gida har muka je asibiti muka dawo bakina bai rufu ba. Allah ya sa alheri, ya tsare, ya kashe ƙarfe ya bar mai shi. Amma jikana ne kai, ba za ka tashi daga nan ba sai ka ji wannan.

An yi wani manomin albasa da ya shekara ashirin da wata tsohuwar mota, makullinta ɗaure da igiyar fata. In ya tsaya sai ya murɗa, ya zare, ya jefa a aljihu, ya dafa aljihun. In ya ji ƙarfe a ciki, to mota ta mutu, ta kuma kullu, don makullin ba ya fita sai an kashe ta. Hannunsa ya haddace wannan kamar yadda ƙafa take haddace hanyar gida. Da albasa ta yi masa kyau shekara uku a jere, sai ya sayo irin taka. Kai, murna! Ya zo da kaya niƙi-niƙi a hannu biyu, ƙofa ta buɗe ba lalube. Ruwan damina ya tsuge, shi ya riga ya shige, wasu suna can suna neman ramin makulli. Masu lanƙwasa waya su zira a ƙofar mota kuwa, tasa ta fi ƙarfinsu. Duk wanda ya zo taya shi murna sai ya sa shi ya danna maɓallin tayar da ita da kansa, a yi ta shewa. Yayansa ne kaɗai ya ce ya sayi ƙarfen nan da ake maƙala wa sitiyari a sa kwaɗo, kuma ya riƙa tsayawa yana tabbatar ta mutu kafin ya juya baya. Manomi ya yi dariya ya ce, “Yaya, ai wannan ba jaka ba ce da za a yi mata dabaibayi. Ita ta san mai ita.”

Ran wata Juma'a ya makara a kasuwa. Ya iso masallaci ana tayar da iƙama, ya cusa motar a tsakanin motoci, ya ɗauki darduma ya fita da gudu. Bai danna maɓallin ya kashe ta ba. Injin kuwa ba ya ƙara, lumfashi kawai yake yi kamar jariri mai barci. Motar ta yi masa ɗan kukanta na gargaɗi har sau uku, lasifika ta danne. Da ya samu sahu, kafin ya yi kabbara, hannunsa ya yi abin da ya saba, ya dafa aljihu. Ya ji makulli, hankalinsa ya kwanta. Bai tuna cewa wannan makullin a aljihu yake kwana, a aljihu yake tashi ba, ko mota na raye ko ta mutu. A waje kuwa akwai wani wanda ba salla ce ta kawo shi ba. Yana bin motoci ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu tafin hannu, kamar mai taya rago. Ya zo kan ta manomi ya ji tana rawar jiki. Ya ja ƙofa, ta buɗe. Bai fasa gilashi ba, bai yanke waya ba, zama kawai ya yi kamar tasa, ya ja ta a hankali.

Da aka sallame, manomi ya fito ya tarar da fili. Sai sawun taya, da ɗan jiƙon ruwan da na'urar sanyi ta ɗiga a ƙasa, ko bushewa bai yi ba. Ya zaro makulli ya danna gabas, ya danna yamma, shiru. Wani bakanike da ya fito daga masallacin ya ce, “Malam, ka kashe ta kuwa?” Manomi ya ɗaga hannu yana ihu, “Ga makullin nan a hannuna!” Bakanike ya ce, “Wannan in ta riga ta tashi, ba ruwanta da makullinka. Tafiya za ta yi ta yi har sai an kashe ta.” An kai ƙara, an yi cigiya gari gari, ko murfin tayarta ba a sake gani ba. Ran nan a bayan akori-kura ya koma gida, a kan buhunan albasar wani, tana tsayawa a kowane ƙauye. Bai isa ba sai da rana ta yi ja, makullinsa na nan lafiya lau a aljihu.

To, ka ji. Ban ce motarka ba ta da kyau ba, gobe ma ita za ta kai ni gaisuwa. Amma in ka tsaya, danna ka kashe, kasa kunne ka ji ta yi shiru, duba da idonka ka tabbatar ta kullu, ka maƙala mata ƙarfenta, ko da liman ya kai ruku'u ne. Taɓawar yatsa ɗaya mutumin nan ya ga ba shi da lokacinta, ga shi har yau a bakin titi yake tsayuwar jiran mota. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sauri ya haifi nawa.