Wa Ke Kwance Notin?

Baƙin mai ya sake tsiyayowa daga murfin injin, hayaƙi na tashi. Na buga sifana da ƙasa.

Na gaji da canja robar murfin nan a tsohuwar motar Baba. In kankare, in shafa gam, in ɗaure kowane noti da hannuna, washegari in tarar duk sun saki.

Makanikan unguwarmu ta Hausari dariya suka yi mini. "Malama nas, riƙe allurarki, ki bar mana sifana." Ban bar musu ba. Ni da na rubuta jarrabawa ana harbi a bayan aji, murfin inji ne zai gagare ni?

Ranar Litinin zan bi ayarin sojoji in kama aiki a asibitin Dikwa. Ba a jiran motar da ta tsaya a hanya. In kuma ban je ba, aikin ya tafi.

Na fita sayo sabuwar roba, na tarar an rufe titi, na juyo gida.

Na iske bonet ɗin motar a ɗage. Mama ce a sunkuye, ta ci ɗamara da mayafi, tana kwance noti.

"Mama! Ashe ke ce?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Hanyar Dikwan nan ta cinye mini yayanki Kashim. Ba zan ƙara mata da ke ba, Bintu."

"Wallahi sai na gyara ta."

"Gyara mana, 'yar boko." Ta miƙo mini sifanar. "Ki ɗaure, in kwance. Mu ga wadda za ta fara gajiya."