Faifan da Baba Ya Ƙwace

Ina 'yar shekara goma sha biyu, ranar Baba ya ɗauko ni daga islamiyya a Lozells, sai CD ya faɗo daga jakata. Sabon faifan wasu mawaƙan Denmark ne da ƙawata ta ara mini. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

"Yau zan ji abin da ke hana ki hadda."

Ya saka a rediyon mota. Kiɗa ya tashi, wata mata ta kama waƙa da yarensu.

"Me take cewa?"

"Ban sani ba, Baba. An ce kakarta take tunawa, mai sayar da kifi."

Ya yi tsaki. "Duk wannan ihun a kan kifi?"

Amma muka iso gida bai kashe mota ba, yatsunsa na ta bugun sitiyari. Mama ta fito ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Dakta, lafiya?"

"Bincike nake yi, Hajiya. Saura waƙa biyu."

Ya riƙe faifan, ya saya wa ƙawata wani. Yanzu ya tsufa, ni nake kai shi wurin likita, kuma ina jin daɗin tafiyar nan, don da mun hau titi yake cewa in kunna, wai bai gama binciken ba.