Wa Ya Zauna da Sunanmu?

A gidan burodin da take aiki Zorka ta fara ganin Vukashin. Ya shigo sayen burodi, ya tarar da ita tana karanta tsohuwar jaridar da ake naɗe wa mutane kaya da ita. Washegari ya dawo mata da littafi. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma abin da ya shigo hannunta sai ta cinye shi, har dokokin ƙasa.

Shi ne shugaban ƙungiyar Buɗe Ƙofa, masu neman majalisar gari ta daina yanke hukunci a ɓoye. Zorka ta shiga ƙungiyar saboda kogin ƙauyensu, wanda wani kamfani yake so ya zura cikin bututu ya yi wutar lantarki. Haka take gaya wa mutane. Sauran dalilin kuwa ta bar wa zuciyarta.

Sau ɗaya ya taɓa fita da ita. Ranar slava ce, bikin waliyyin ƙauye, ranar da kowane gida ke gasa rago, ba mai taka ƙofa domin kada baƙo ya tarar da gida babu mai shi. Ya tsaya da mota a bayan shinge ya ce ta zo, ba za su daɗe ba. Ta sa rigarta shuɗiya ta sulale. A otal ɗin gari ya gabatar da ita ga abokansa daga babban birni, ya faɗi sunanta da na mahaifinta cikakke, kamar mai nuna wadda zai aura. Suka yi ta hirarsu ta manya, ita kuwa ba abin da take ji sai hannunsa a kan nata. Da ɗayansu ya tambaye ta ko tana da abin cewa, kunya ta hana ta ɗago kai.

Da damina ta wuce, motocin haƙa suka iso bakin kogi.

Ƙauye ya tashi. Doka ta ce ba a taɓa ruwa sai an yi taron jin ra'ayin jama'a. Majalisa ta amsa cewa ai an yi, har wakili daga ƙauyen ya halarta, bai kuma yi jayayya ba. Yaushe? Ranar slava.

Wannan ya fi komai ƙona ran Zorka. Sun zaɓi ranar da suka san ba mai barin gidansa, kuma wani ɗan ƙauyen ya bar tukunyar uwarsa a wuta ya je ya sayar da su. Ta bi gida-gida tana tambayar wanda ba a gani ba a ranar. Mutum ɗaya ne ba ta sa a zargi ba, domin shi yana tare da ita.

Zargi ya faɗa kan Radoje, tsohon mai gadin daji, wanda aka ga ƙofarsa a kulle. A gaban coci ta tare shi.

"Kawu, nawa suka ba ka? Ko kwalbar giyar rakiya ce kawai?"

"'Yar nan, a kabarin matata na yini. Je ki tambaye ta."

Ba wanda ya yi dariya. Daga ranar aka daina amsa gaisuwarsa, wani ma ya sare masa itatuwan lambu. Innarta ta ce mata ta ji tsoron alhaki. Zorka ta ce alhakin kogi fa?

Ta je majalisa neman hoton taron, tunda ba a yin irinsa sai an ɗauka. Suka ce mai mabuɗi yana hutu. Ta koma, suka ce na'ura ta lalace. Vukashin ya ce ta yi haƙuri, irin wannan aiki da lallashi ake yinsa, kada ta ɓata masa dangantakar da ya sha wahalar ginawa. Karo na farko ta ƙi jin maganarsa. Ta kai ƙara babban birni, ga ofishin da ke tilasta wa hukumomi su fito da abin da suka ɓoye, ta karanto musu dokar da bakinta.

Aka tilasta su.

Ranar da ma'aikacin majalisa ya kawo hoton, ƙauye duka ya cika ajin makaranta. Radoje ya tsaya can bayan ƙofa shi kaɗai. Vukashin yana gaba, yana ta duba wayarsa, ya ce da an bari shi ya fara gani, don kada a yi rikici.

"Ni na nema," in ji Zorka, ta karɓe.

Ta daɗe tana kallo. Ba zauren majalisa ba ne. Teburin otal ɗin gari ne da farin ƙyalle, da faranti, da wata takardar sanarwa manne a bango wadda ba ta lura da ita ba a ranar.

Ta ratsa mutane har bayan aji, ta kamo hannun Radoje ta kawo shi gaba, ta zaunar da shi a kujerarta. Sannan ta juya ta dubi Vukashin. Tun ranar littafin nan take tanadin wata magana da za ta faɗa masa in ta samu ƙarfin hali. Ba ita ce ta fito ba.

"Na yi maka alkawari, Vukashin, kogin nan ba zai shiga bututu ba. Da ƙafata zan je gaban alƙali in gaya masa wanda ya ɗauko ni a mota, ya zaunar da ni da shuɗiyar rigata a madadin ƙauyenmu."