Ranar Karya Gada

Gada ta farko ba ta jima ba. Ana fara zuba yashi a bokitin da aka rataya mata, ta yi ƙas, ta zube. Yaran ajin suka kwashe da shewa, kowa daga ɗakin gidansu, har mai gadar ma dariya take tana tsintar tsinkayenta a ƙasa.

Malam ya gyara tabarau yana murmushi. Tsohon injiniya ne. Da ya ajiye aiki sai ya mai da ɗakin baƙinsa aji, yana koyar da yaran da ke karatu a gida ta intanet. Wasu nisa ne ya hana su makaranta, wasu ra'ayin iyaye, wasu kuwa jiki ne bai ba su dama ba. Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya sassautawa. Kyamara teburin aiki za ta kalla, don shi aiki ya zo gani, ba kwalliya ba. Ba a taɓa gam mai zafi sai da safar hannu. Sannan duk gadar da aka gina da tsinken askirim, ranar ƙarshe sai an ɗora mata kaya har ta karye. A wurinsa, wanda bai ga inda aikinsa ya gaza ba bai koyi komai ba, kuma ba zai wuce aji na gaba ba.

Aka yi ta karyawa ana tafi, har layi ya zo kan yaron da Malam ya laƙaba wa Sarkin Tambaya.

Yaron nan ya shiga ran Malam, ko da yake ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. A farkon zango ba ya barin kowa ya sha ruwa. Me ya sa kusurwa uku ta fi huɗu ƙarfi? Me ya sa gada ba ta gajiya? Yana tambaya yana haki kamar wanda ya yiwo gudu. Wani lokacin a jiyo shi yana cewa, "Umma, riƙe mini nan, kar ki motsa!" ajin ya fashe da dariya.

Sai ya ɓace na ɗan lokaci. Da ya dawo, ya rubuto cewa makirfonsa ya lalace. Tambayoyi suka ɗauke ɗif. Aikin ma ya canja: rabin gadar na farko tsaf-tsaf, kowane tsinke a mazauninsa, rabi na biyu kuwa gam ne tuli guda da tsinkaye a karkace. Malam ya yi faɗa har ya gaji, amsa ɗaya ce kullum ke fitowa a allo: "A yi haƙuri, Malam." Amma fa tun daga dawowar nan bai ƙara fashin darasi ba.

Yau ga gadar an ɗora ta tsakanin kujeru biyu, ga bokiti, ga yashi. Hannuwan suna cikin safa, duk da yau babu aikin gam. Ba su motsa ba.

Rubutu ya fito: "Malam, don Allah a bar wannan."

"A bar ta a yi me da ita, a sa ta a kabad?" in ji Malam. "Ba kai ne ka cika mana baki ranar farko ba, ka ce taka sai ta fi ta kowa ɗaukar kaya? To, ga fili."

Wata yarinya ta tambaya ko intanet ne ya tsinke. Can sai hannun ya ɗauki kofi.

Yashi ya yi ta sauka. Gadar ta wuce ta farko, ta wuce ta biyu, ta wuce duk wadda aka gwada a ranar. Yara suna ihu, Malam har ya miƙe tsaye bai sani ba. Daɗi ya cika shi, don yaronsa bai ba shi kunya ba.

"Ta fi ta kowa. Ya isa haka?" aka rubuto.

"Sai ta karye," in ji Malam. "Doka ba ta da ɗan lele."

Rabin yashin a ƙasa yake zuba. Kofi ɗaya, wani kofin. Gadar ta yi ƙara, ta lanƙwasa, ta tarwatse. Ɓangaren gam ɗin nan mummuna ko gezau bai yi ba, ya daskare kamar dutse. Kyakkyawan rabin ne ya yi raga-raga.

Malam ya shiga bayani da zaƙuwa, yana nuna yadda ɓangare mai tauri ya tura wa ɗan'uwansa duk nauyin. Yana cikin magana ya lura hannuwan ba sa bin darasi. Tsintar gutsattsarin suke ɗaya bayan ɗaya, har da ƙananan da suka faɗa ƙarƙashin kujera, suna share musu yashi a hankali. Malam ya sassauta murya.

"Haba, Sarkin Tambaya, kar ka damu. Ka wuce, kuma kai ne na ɗaya. Tsinke ne kawai. Hannun da ya yi wannan gobe zai yi wadda ta fi ta."

Alamar makirfon da ta daɗe a kashe ta kunnu. Aka ji jan numfashi, sannan muryar babbar mace, a dishe.

"Ba zai ƙara yin wata ba, Malam. Ni mahaifiyarsa ce, ni na ƙarasa masa. Rabin nan da ya karye shi ne abu na ƙarshe da ya haɗa kafin Allah ya karɓi abinsa."