Katangar da Ta Ƙi Daina Tsagewa

"Yau kuma mene ne, Malam Bahago?" Munira ta tambayi maginin, ganin ya ajiye cokalin gini tun da hantsi.

"Tsohuwar katangar ƙasar ce ta sake tsagewa, Hajiya. Ba a haɗa ta da bulo sai ta sha iska."

Wancan makon azara ce ta ruɓe, kafin nan yashi ne bai yi masa ba. Gyaran kicin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ita kuwa kullum tana jigilar tukwane zuwa sashen surukarta, Inna Jummai, inda take girki.

Ta duba katangar. Tsagar a miƙe take, kamar an ja ta da wuƙa. Lallai wani aikin ya karɓa a Tudun Jukun, yake raina mata hankali.

Da ya nufi zaure ta bi bayansa, sai ta ga ya ratse zuwa ƙofar Inna. Ta laɓe.

"Ta yarda?" in ji Inna, ƙasa-ƙasa.

"Ta fara zargina, Inna. Dabarata ta ƙare."

"Ka ƙara mini ko mako guda. Tun da aka raba tukunya ni kaɗai nake cin tuwona. Yanzu kuwa jikokina har faɗa suke yi a kan kwanona."

Munira ta lallaɓa ta koma wurin ginin. Da Bahago ya dawo, ta nuna masa ɗaya bangon, lafiyayye sumul.

"Malam Bahago, wannan ma kamar ya tsage. Duba shi a hankali, ba sauri muke yi ba."